Garin da Direba Ya Gina

Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya tsayuwa? Ina fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Ni jikina lafiya lau, alhamdu lillahi. Zuciyata ce ba lafiya, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya. In na kira ki kuka zan yi, ke kuma ki hau ba ni haƙuri, ni kuwa ba haƙuri nake nema ba. So nake ki ji zancen har ƙarshe ba ki katse ni ba, abin da ba ki taɓa yi ba tun muna yara.

Dogo ya ƙona garin Direba.

Kin san garin da nake nufi, na cikin tsohon gem ɗin nan na gina gari, wanda mijina Direba ya shekara goma sha ɗaya yana gini a kwamfutarsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa bas a kan ramuka, sai ya dawo gida ya tuɓe takalmi ya zauna yana shimfiɗa titunan da ba rami ko ɗaya. Kin tuna zuwanki na bara waccan, da kika ɗauke mu hoto yana zaune gaban allon, ni ina tsaye da tef ɗin awo a wuya, kika ce yau iyali sun cika, ga miji ga mata ga gari? Dariya muka yi, amma gaskiya kika faɗa. Allah bai ba mu haihuwa ba, garin nan kuwa a gabana ya girma. Na san shi tun yana gida shida da rijiya. Na san gadar kan kogi, da shataletalen da ya rushe har sau bakwai don wai bas ba ta jin daɗin juyawa, da asibitin da ya manna wa tasha saboda a garinsa ba mai mutuwa a hanya. Akwai Layin Teloli, a ƙarshensa wani ɗan shago mai koren rufi. Ya ce nawa ne, kuma ba a ɗauke masa wuta.

Ba zan ci haƙƙin ƙanin mijina Dogo ba duk da haushinsa da nake ji. Lokacin da ciwo ya hana yayansa zama a kujera, shi ya kawo 'yar na'urar gem ɗinsa ta hannu, mai kama da waya mai kunnuwa, ya haɗa ta da kwamfutar. Yadda abin yake, gem ɗin yana gudana a kwamfutar da ke ɗakin ɗinkina, hotonsa ne kawai yake bin intanet ya fito a na'urar, abin da ka danna a na'urar kuma ya koma can. Da haka Direba ya yi watanninsa huɗu na ƙarshe yana gini daga kan gado, na'urar a ƙirjinsa. Makarantar da ya fara a bayan kasuwa ma bai kai ga yi mata rufi ba.

Bayan rasuwar, Dogo ya ɗauki abarsa, ya roƙe ni in riƙa barin kwamfutar a kunne. Shi ma yana da wani tsohon gem a ciki, na wani jarumi mai takobi da ke hawan hasumiya mai hawa ɗari, yana buga shi daga kemis ɗin da yake aiki in ba masu sayen magani. Na yarda. In ba ya ciki sai in buɗe garin in bar shi, ina taka keke ina satar kallon bas mai lamba huɗu tana zagayenta. Ban taɓa aza ko bulo ɗaya ba, kallo kawai nake yi.

Ranar Asabar da hantsi ina haɗa hannun wata riga, sai na ga kibiyar allon tana motsi ita kaɗai. Na san Dogo ne ya shigo daga kemis. Na zaci jaruminsa zai buɗe, sai na ga ta nufi wani wuri a saman allon da Direba bai taɓa bari hannunsa ya je ba, wurin masifu. Ya danna gobara ya ajiye ta a tasha. Ya sake dannawa ya ajiye a kasuwa. Yaya, ina zaune da allura a baki na ga Layin Teloli ya kama, mutanen garin ƙanana kamar kan fil suna gudu. Na damƙi linzamin kwamfutar ina ja, shi yana ja daga can, kibiyar tana rawa a tsakiya. Ya kawo girgizar ƙasa, gadar ta faɗa ruwa da bas a kanta. Za ki ce don me ban zare wayar wuta ba. Na kai hannu, wallahi na kai. Sai na tuna shekara goma sha ɗaya ana ja min kunne cewa ba a zare wa kwamfuta wuta tana aiki, garin zai lalace. Na tsaya ina yi wa mamaci biyayya har gem ɗin ya adana kansa da kansa, kamar yadda yake yi a ƙarshen kowace shekararsa. Tokar ce ta hau kan garin ta zauna.

Na kira shi a waya. Kin san yadda yake magana, kamar shi ya ƙera intanet. Ya ce, “Haba Matar Yaya, kwantar da hankalinki, kwafi ne na ƙona.” Na ce masa ga kwafin nan yana hayaƙi a gabana. Sai ya ce in ba shi minti biyar a gaban kwamfutar zai gyara. Minti biyar, kamar maɓallin riga ne ya cire. Na kashe wayar na toshe lambarsa.

Na sauka na kira Mai Gyara, dattijon nan da ke gyaran kwamfuta a ƙasan benenmu. Ya duba ya ce na'urar hannu ba ta riƙe komai, taga ce kawai, duk abin da aka yi ta cikinta a nan aka yi shi. Ya buɗe inda gem ɗin ke ajiyarsa, ajiya ɗaya ce, ita ce ƙonanniyar. Ya ce in ba shi kwamfutar kwana biyu ya bincike ta lungu-lungu, ko da yake bai yi min alkawari ba. Na ce ko ƙofar ɗakin nan ba za ta ƙetare ba, hannun da ya taɓa ta ya isa haka.

Ban kashe kwamfutar ba, kuma ban hana Dogo shiga gem ɗinsa ba. Kar ki ɗauka sauƙin hali ne. Jaruminsa yana hawa na sittin da biyu, ina so ya ƙara ƙiba tukuna.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yara. Abokin aikin Direba ne zai kawo miki wannan, in za ki ba da amsa ki ba shi.

Ƙanwarki,
Allura

Lahadi

Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kun wuni lafiya. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na ga inda kika ja layi a ƙarƙashin “ki bar wa Allah”. Na bar masa abubuwa da yawa a shekarar nan, Yaya. Wannan ɗayan zan ɗan riƙe shi na kwana biyu.

Ƙanwarki ta koma makaranta. Kullum in na kai wa Mai Gyara ruwan sanyi sai in tsaya in yi tambaya ɗaya, kamar wadda ba ta san komai ba. Yanzu na san abubuwan da ko Dogo bai zaci zan sani ba. Na san duk abin da yake yi a na'urarsa ina iya kallonsa a allon ɗakina. Na san in na taɓa madannai a nan, kwamfutar ba ta bambanta hannuna da nasa. Na kuma san in akwatin intanet ya yi nauyi, hoton yana makara kafin ya isa wurinsa, sai ya ga takobin abokin gaba bayan ya riga ya sare shi.

Don haka na ajiye keken ɗinki ta yadda allon yake gefen idona. Shi yana can bayan kantar kemis da ƙarfe biyun rana yana fama da dodon hawa na saba'in, ni ina nan ina kalmasa bakin zane. Sai ya kusa kashe dodon, in miƙa ɗan yatsa in danna tsalle. Jarumi ya yi tsallensa mai kyau ya faɗa rami. Ba na yi kullum, ba ni da gaggawa. Sau ɗaya a biyar, ko a shida, yadda zai ɗora wa sabis laifi. Wani lokacin kuma sai in kunna bidiyon koyon yanka a wayata da ta maƙwabciyata a tare, in zauna ina kallon bawan Allah yana sarar iska. Ranar Alhamis sau goma sha huɗu ya mutu a kan gada ɗaya. Na yi dariyar da ban yi ba tun kafin ciwon Direba, har na karya allura.

Amma wannan duk wasan yara ne, ba ya kai min inda ke ciwo. In ya mutu tashi yake yi ya sake. Ni in na buɗe garin, baƙar ƙasa ce da kututturen gidaje, sai ƙafar gada ɗaya tsaye a ruwa. Shagon koren rufin ko wurinsa ba na iya ganewa.

Ya zo ƙofata sau uku. Na farko na ji muryarsa yana cewa Matar Yaya ki buɗe ki ji, na taka keke da ƙarfi har ya gaji ya tafi. Sauran biyun takarda ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ban karanta ba. Kin san in na sa sabuwar allura sai na gwada ta a kan wani abu, to a kansu na gwada, layi bisa layi da baƙin zare har rubutun ya ɓace.

Jiya kuma ya turo Inna, mahaifiyarsu. Wannan ya ƙara min haushi, ya sa tsohuwa hawan bene da ƙafarta mai kumburi. Na shimfiɗa mata, na kawo mata ruwa, muka yi kukanmu na Direba. Sannan ta ce, “'Yata, yaron nan ya ce garin yana nan bai ƙone ba, ki bar shi ya zauna minti biyar.” Na kama hannunta na kai ta gaban allon na buɗe mata. Ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni ina masallacin da Direba ya taɓa nuna mata. Na nuna mata wani baƙin tabo.  Da za ta tafi ta ce Dogo ya rame, ba ya cin abinci, gem ɗin nan ne kaɗai yake ɗauke masa hankali, kuma da ya ga ban kashe kwamfutar ba ya san fushina zai sauka. Na ce mata Allah ya sawwaƙe.

Na san abin da yake nema da minti biyar ɗin nan. Akwai wata folda a kwamfutar da ya sa wa sunansa, nan ya tara kayansa, Mai Gyara ya ce ajiyar jaruminsa tana ciki. Ta na'urar hannu ba ya iya kaiwa gare ta, don shi da kansa ya saita abin ya riƙa buɗe gem kawai, kada yayansa ya ɓace a ciki yana kwance. To jikinsa ya ba shi cewa ɗan takobinsa yana hannun wadda ya ɓata wa, so yake ya zo ya kwashe shi ya gudu. Da ni yake zancen.

Yana hawa na tamanin da ɗaya yanzu. Na daina tura shi rami, hanya nake ba shi.

Ki gaida kowa. Rigar babbar 'yarki tana nan na yanka, ki aiko min da tsawon hannunta, yarinyar nan girma take kamar ana jan ta.

Taki,
Allura

Laraba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, ya gida ya gwiwa. Wannan gajeriya ce, mai bas yana jira a ƙasa.

Kin ce tun muna ƙanana haka nake, in aka fasa min abu sai na fasa biyu, kin tuna min da 'yar tsanarki da na yi wa aski. Ban musa ba. Kin kuma ce in ba shi minti biyar ɗin ina tsaye a kansa, me zan rasa. Zan rasa ganin fuskarsa ta yi irin yadda tawa ta yi, ko da ba zan gan ta da idona ba. Ke ba ki zauna da allura a baki kina kallon shekara goma sha ɗaya na mijinki suna ci da wuta ba, mai yin kuma yana can yana ba wani maganin tari.

Komai ya kammala. Na ce wa Mai Gyara ina so in hana Dogo sake buɗe garin, ya nuna min inda ake danna wa a kashe madannan na'urar hannu, mai ita ya zama ɗan kallo. Ya nuna min kuma yadda zan sa allon kwamfutar gaba ɗayansa ya fito a wurinsa. Sannan na ce ina da hotunan matan da ke gwada kaya, ina so in goge su yadda ko shi ba zai iya dawo da su ba. Ya yaba min da riƙon amana, ya sa min wata manhaja, ya ja min kunne cewa in ta fara ba ta tsayawa, kuma abin da ta ci ya ciwu. Na ji kunyar dattijon, amma kunyar ba ta hana ni rubuta matakan a bayan littafin awo ba.

Wata tara ya yi yana hawan hasumiyar nan. Jiya ya taka na casa'in da bakwai. Ina jiran na casa'in da tara, ya ga ƙofar ƙarshe da idonsa.

Kar ki kira ni, ba zan ɗauka ba.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Allura

Litinin

Yayata, uwata bayan uwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yaran duka. Ki yafe min rashin ɗaukar wayarki kwana uku. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran suna kwandon ƙyallaye.

Na yi abin da na ce zan yi. Ranar Juma'a da yamma, rana tana shigowa ta tagar ɗakin ɗinki, ya gama da dodon hawa na casa'in da tara. Faɗa ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, har na sami kaina ina matse ƙafa ina so ya ci. Jarumin ya tsaya gaban wata babbar ƙofa ta zinariya. Na ajiye almakashi, na wanke hannu, na gyara ɗaurin ɗankwalina kamar mai zuwa biki, na zauna a kujerar Direba.

Na kashe madannansa. Jarumin ya sandare da ƙafa ɗaya a kan matakala. Na rufe gem ɗin na sa allon gaba ɗaya ya fito a wurinsa, na buɗe farar takarda na rubuta masa da yatsa ɗaya, a hankali yadda zai karanta kowane harafi: Dogo, kwantar da hankalinka, kwafi ne. Sannan na ja foldarsa da linzami na zagaya da ita allon sau biyu don ya gane ta, na kai ta bakin manhajar na tsaya.

Wayar maƙwabciyata ta fara ƙara ta bayan bango, ta zo tana buga min ƙofa wai ƙanin mijina ne, ya ce don girman Allah in tsaya. Na ce ta ce masa ina aiki. Ban danna ba, jira nake yi. Kemis ɗinsu tafiyar minti ashirin ce, ya yi ta a goma. Na ji takunsa a bene, na ji ya faɗi a kwanar hawa na biyu ya tashi. Ya hau dukan ƙofa yana cewa, “Matar Yaya kar ki goge, buɗe ta ki gani, buɗe kawai ki gani!” Yaya, daɗin da na ji a lokacin ba zan iya kwatanta miki shi ba. Wata guda ina jiran muryar nan. Na ce a raina yau ka san yadda ake ji. Na danna.

Manhajar tana nuna sunan kowane abu in tana cinsa. Na jingina ina karantawa. Ga jarumi, ga taswirar hasumiya, ga wasu hotuna. Sai wani suna ya fito ya tsaya, don ya fi sauran nauyi: Garin Yaya, cikakke, kar a taɓa. Da kwanan wata a gefensa, Juma'ar da ta gabaci gobarar.

Na karanta shi sau uku kafin ya shiga kaina. Na danna ko'ina, ba ta tsaya ba. Wannan karon na zare wayar wuta, na fizge ta har da soket ɗin. Ɗakin ya yi tsit, shi ma ya daina dukan ƙofar, don allon na'urarsa ya mutu a hannunsa.

Mai Gyara ya ɗauki kwamfutar, ni na buɗe masa ƙofa da hannuna. Ya yi kwana biyun da ya roƙa tun farko. Jiya ya hawo da ita a kafaɗa ya ajiye, ya cire tabarau yana gogewa ya ce abin da ya saura ba gari ba ne, tarkace ne da ba ya buɗuwa. Bai tambaye ni hotunan matan ba.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar da Dogo ya zo duba Inna da ta wuni a wurina, ya zauna gaban kwamfutar ya kwafi garin ya sa a foldarsa. A tunaninsa daga ranar kwafin ne zai riƙa buɗuwa a na'urarsa, na asalin yana gefe ba abin da zai same shi. Gem ɗin kuwa wuri ɗaya ya sani, can yake komawa. Sai ya ƙona na asali, kwafin yana kwance lafiya lau da gadarsa da bas ɗinsa, taku ɗaya daga inda nake zama kullum. Minti biyar ɗin gaskiya ne, mayar da kwafin wurin na asalin kawai zai yi. Mai Gyara ya ce ko biyu ba za a yi ba. Bayanin yana cikin takardun da na ɗinke, na farke ɗaya da reza na gani, har da zanen kibiya ya yi min.

Ranar Juma'ar da na buɗe ƙofa na same shi zaune a matakala, gwiwar wandonsa a yage tana jini, na'urar a ƙasa. Ban ga hawayensa ba ko ranar da aka fita da yayansa, ranar na gani. Na tambaye shi abu ɗaya, don me ya ƙona. Ya ce kullum in ya gama da jaruminsa sai ya leƙa garin, ya ga bas tana tsayawa a kan lokaci, mutane suna hawa suna sauka, ba wanda ya san mai garin ya mutu. Ya ce abin yana ci masa rai, so yake ya ga sun ji a jikinsu ko sau ɗaya. Shi ya sa ya yi kwafi, don ya huce a kansa ba tare da ya taɓa nawa ba. Bai ambaci jaruminsa ba ko sau ɗaya, har yau.

Kar ki zaci na yafe masa. Shi ya kunna wutar, shi ya yi min dariya a waya, kuma da ya iya magana kamar mutum maimakon minti biyar, minti biyar, da ba mu kai nan ba. Ina faɗa wa kaina haka safe da yamma. Sai dai shi da ya ƙona ya bar hanyar dawowa, ni kuwa sai da na je na koyo yadda ba za a dawo ba, na rubuta a littafin awo, na wanke hannu. Haushin yana nan cike da ƙirjina, na rasa wanda zan kai wa.

Ya bar na'urar a kan keken ɗinkina, ya ce ba ya son ganinta. Na ɗinke masa gwiwar wandon. Ɗazu na buɗe ƙonannen garin. Ashe gem ɗin bai tsaya ba, ciyawa ta fara fitowa a bakin kogi, akwai wasu mutum biyu-uku suna yawo inda tasha take. Mai Gyara ya ce in aka ja musu titi da ruwa za su fara gini. Na riƙe linzamin na kasa, don na rasa ta ina titin ya bi. Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa, Yaya, amma ban iya tuna ko asibitin yana dama da tasha ko hagu ba.

Don haka ga roƙona. Hoton nan da kika ɗauke mu, na san kin sauya waya tun lokacin. Ki duba tsohuwar, ki duba ta maigidanki, ki tambayi babbar 'yarki ko ta taɓa tura wa kanta. Allon yana bayanmu, tsakanin kafaɗarsa da hannuna. In kin samu ki turo min yadda yake, kar ki yanke komai, ko da bakin gadar ne kawai ya fito.

Ki gaida yara. Rigar ba ta gamu ba, ki ba ta haƙuri.

Ƙanwarki,
Allura